Waya 2.5 ko 4 za a ja wa AC mai doki biyu? Muhawara a zauren masu gini na Katsina

Baban Walida: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawara kafin a rufe silin. Ina ƙarasa gida a Sabuwar Unguwa, na sayi AC uku: mai doki 2 ta falo, da masu doki 1.5 guda biyu na ɗakuna. Mai wayarin ya ja wa kowace layinta daga akwatin bireka da waya 2.5, wato mai kaurin milimita murabba'i 2.5. Jiya mai haɗa AC ya zo ya ce sam, ta falo sai an mayar da ita 4, a kuma sa mata bireka mai amfiya 32. Mai wayarin ya ce ɓarnar kuɗi ce kawai. Dukansu mutanen kirki ne, ba na son in ɓata wa kowa. Wa zan bi?

Oga Mai Wayarin: Wa alaikumus salam Alhaji. Bi mai wayarinka. Na daɗe a sana'ar nan, gidajen da na yi daga Kofar Kaura zuwa Batagarawa da 2.5 na ja wa mai doki 2, suna nan suna aiki. 4 ta na'urar dumama ruwa ce da murhun lantarki da manyan AC na tsaye.

Mai Sanyi Kofar Marusa: Oga, da girmanka, mu ake kira idan ta ƙone. Bazarar da ta wuce na kwance soket da makunni da suka narke ba adadi. Ni dai mai doki 2 ba na haɗa ta a kan 2.5.

Injiniya: Salamu alaikum. Kafin a ci gaba, Baban Walida, doki ba shi ne ma'auni ba. A kasuwarmu doki 1 yana nufin sanyin BTU 9,000 ne ko kusa, doki 1.5 BTU 12,000, doki 2 kuma BTU 18,000. Wannan yawan sanyin da take bayarwa ne, ba yawan wutar da take ja ba. AC biyu masu doki 2 za su iya bambanta sosai wajen jan wuta. Ka je jikin injin waje, akwai sitika a gefensa. Ka karanto mana abin da ke gaban Rated Current, da Max Current, da LRA, wato wutar da kwamfiresa ke fizga lokacin tashi, idan akwai. Sannan ka faɗa mana tsawon wayar daga akwati zuwa falo, da inda ta bi, da ko ita kaɗai ce a bututunta.

Baban Walida: To Injiniya, ga shi na duba. Ta falo: 220 zuwa 240V, Rated Current 8.4A, Max Current 12A, LRA 42A, akwai kuma T3 a rubuce. Na ɗakuna Rated 5.5A, Max 8A. Mai wayarin ya ce tsawon ta falo zai kai mita 32, saboda akwatin yana can wajen ƙofar baya. Ta cikin silin suka bi, kuma layukan AC ukun a bututu ɗaya suka fito, sai a tsakiyar gida suka rabu.

Oga Mai Wayarin: To ka gani. Amfiya 8 da ɗoriya. Waya 2.5 tana ɗaukar 24. Ko rabinta ba a kai ba. Ina matsalar take?

Injiniya: Oga, 24 ɗin nan gaskiya ce, tana cikin jadawalin BS 7671, ƙa'idar Ingila da yawancinmu muka koyi aiki da ita. Amma jadawalin ya gindaya sharaɗi: waya mai rufin PVC, layi ɗaya tak a bututu, iskar da ke kewaye da ita digiri 30. A Katsina cikin Afrilu da Mayu ko a inuwa muna haura 40, balle tsakanin kwano da silin da azahar. Duk wanda ya taɓa hawa can gyara ya san ba ya iya daɗewa.

Rufin PVC digiri 70 ne iyakarsa. Idan iskar wurin ta riga ta kai 50, saura 20 kawai wayar ke da shi na ɗumin da za ta ƙara da kanta. Shi ya sa littafin ya ba da ragi: a digiri 40 a ninka da 0.87, a 45 da 0.79, a 50 da 0.71. Mu ɗauki 50 don cikin silin. 24 sau 0.71 ya ba mu 17. Sai ragi na biyu, na cunkoso: layi biyu a bututu ɗaya 0.80, layi uku 0.70, domin kowace tana dumama 'yar'uwarta. 17 sau 0.70 ya dawo 11.9. Wayar da muka fara da ita a 24 ta koma ƙasa da 12, sitikar kuma ta ce na'urar tana iya jan 12.

Kuma da Max Current ake lissafin waya, ba da Rated ba. Rated abin da ta ja ne a ɗakin gwaji a yanayin da aka ƙayyade. Idan zafin waje ya ƙaru, matsin gas a injin waje yana hawa, kwamfiresa ta ƙara jan wuta. Wato lokacin da wayar ta fi rauni shi ne lokacin da aka fi ɗora mata kaya.

Ɗalibin Poli: Allah ya saka da alheri Injiniya. Mene ne T3 ɗin da ya ambata?

Injiniya: Ajin yanayi ne. T1 ana gwada ta da zafin waje digiri 35, T3 da 46. Mai T3 ita ta dace da arewa. Baban Walida ya yi sayayya mai kyau a nan.

Oga Mai Wayarin: Injiniya, lissafinka na ji shi, ban raina ba. Amma ka haɗa duk munanan abubuwa wuri ɗaya. Ka ɗauka silin ya kai 50, AC uku duk suna kunne, kowace tana jan iyakarta, a lokaci guda. Wa ke zama a ɗakin barci da falo gaba ɗaya da azahar? Kuma kwamfiresa tana hutawa idan ɗaki ya yi sanyi. Mutumin nan gini yake, kuɗi sun ƙare masa a siminti da kwano. Jan ƙarfen da ke cikin 4 ya fi na 2.5 da fiye da rabi, haka kuɗin yake tafiya. Idan muka ce kowa ya bi littafi dalla-dalla, talaka ba zai shiga gidansa ba. Ni tausayin mai gida nake ji.

Maman Ihsan: Oga ka yi haƙuri in sa baki. A azumin da ya faɗo cikin zafi, gidanmu duk ɗakin da ke da AC a kunne yake daga azahar har la'asar idan akwai wuta. Yara suna ɗaki, tsofaffi suna falo. Kuma ba na jin kwamfiresar tana tsayawa, ci gaba take yi kawai.

Mai Sanyi Kofar Marusa: Gaskiyar Hajiya ke nan. A zafin Afrilu, falo babba mai tagogi ta yamma, mai doki 2 ba ta samun hutu. Na sha sa mita a jikinsu da rana in ga sun wuce abin da aka rubuta a Rated.

Injiniya: Oga, a wani ɓangare ina tare da kai. Ban ce 2.5 ba ta da amfani ba. Da a ce ita kaɗai ce a bututunta, 17 take ɗauka ko a zafin 50, ka sa mata bireka 16, kaya 12, komai ya zauna daidai. Ƙa'idar ke nan: abin da na'ura ke ja kada ya wuce bireka, bireka kuma kada ta wuce abin da waya ke iya ɗauka a inda take kwance. Ka lura ko 4 ɗin ma, idan aka cusa ta cikin bututun nan mai layi uku, 32 sau 0.71 sau 0.70 bai kai 16 cif ba, 15.9 ne. Don haka babban abin gyara a gidan nan bututun ne. Bututun roba kuma ai ba shi da tsadar waya.

Baban Walida: To ke nan in raba bututu in bar 2.5 ɗin? Sai maganar bireka 32 fa?

Oga Mai Wayarin: Wannan kam ko ni ban yarda ba. 32 a kan 2.5 ganganci ne. Bireka waya take karewa. Idan ta fi ƙarfin waya, wayar za ta dahu a cikin silin ita kuwa tana tsaye ba ta faɗi ba.

Mai Sanyi Kofar Marusa: Ba don son rai abokan aikinmu ke cewa 32 ba. Ku dubi LRA, 42. Lokacin tashi kwamfiresa tana fizgar wuta, sai ƙaramar bireka ta faɗi, mai gida ya kira ka da tsakar dare ya ce aikinka bai yi ba.

Injiniya: Malam, fizgar nan ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba a lafiyayyar na'ura, kuma an yi bireka da sanin haka. Ka duba harafin da ke gaban lambar. Mai B tana faɗuwa nan take idan wuta ta kai ninki 3 zuwa 5 na lambarta, mai C ninki 5 zuwa 10. B16 tana iya faɗuwa daga 48, kusa da 42 ɗinmu ƙwarai. C16 kuwa sai an kai 80. Maganin shi ne C16, ko C20 idan wayar 4 ce, ba ƙara lamba ba. Idan C16 tana faɗuwa a kan na'ura mai Max 12, akwai ciwo a wani wuri: kafasita ta yi rauni, ko ƙurar hunturu ta toshe raga ta injin waje, ko wuta ta yi ƙasa, ko an ɗauke wuta an dawo da ita nan take kwamfiresa ta yi yunƙurin tashi kafin matsin gas ya daidaita. Shi ya sa ake son jinkirin minti 3. Ƙara girman bireka rufe bakin mara lafiya ne don kada a ji nishinsa.

Ɗalibin Poli: Ranka ya daɗe, akwai abin da ya ɗaure mini kai. Na ga masu aikin AC na Amurka suna cewa a sitikarsu akwai MCA da MOCP, kuma suna sa bireka da ta fi ƙarfin waya, suna cewa doka ta yarda. Ya aka yi a can ya halatta?

Injiniya: Tambaya mai kyau. Dokarsu NEC, sashe na 440, ta tsara haka. MCA shi ne mafi ƙarancin abin da waya za ta iya ɗauka. Kamfani ya riga ya lissafa: wutar kwamfiresa sau 1.25, a tara da ta fanka. Ba a sake ƙara masa kashi 25. MOCP kuma shi ne mafi girman bireka ko fis da aka yarda, yana iya kai kashi 175 na wutar kwamfiresa, har 225 idan ta kasa tashi. Hujjarsu ita ce kwamfiresa tana da abin kariya a cikinta da ke yanke ta idan ta yi nauyi, don haka aikin bireka a layin shi ne haɗuwar waya kawai. Idan ka samu babbar na'ura mai waɗannan lambobi biyu, irin na ɗakin taro ko asibiti, ka bi su yadda suke. Amma ƙananan da ke kasuwarmu galibi Rated da Max suke ɗauke da su.

Dalilin da ya sa ba na ba da shawarar a kwaikwayi wancan a gidajenmu shi ne, hujjar tana tsayawa ne idan layin na AC ne ita kaɗai har abada. A nan kuwa bayan shekara biyu za a kira yaro ya jona soket daga makunnin AC, a sa dutsen guga ko abin dafa ruwa. Daga ranar babu mai kare wayar sai bireka.

Ɗan Daura: Jama'a duk kun manta da babban abu. Kuna ta lissafi da bolt 230 kamar ita ke zuwa. A unguwarmu da yamma mita tana nuna 160, wani lokaci ƙasa da haka. Kowa sitabilaiza yake sawa. Baban Walida, ya wutar unguwarku take?

Baban Walida: Wallahi haka take, musamman da zafi idan kowa ya kunna kaya. Na riga na yi niyyar sa wa kowace sitabilaiza a kusa da ita.

Injiniya: To wannan ya canza hukuncin, Allah ya saka wa Ɗan Daura. Sitabilaiza ba ta ƙirƙirar wuta. Idan ta ɗaga 160 zuwa 230, amfiya take ƙara ja daga bayanta ta biya. Ku lissafa: 8.4 sau 230 ya ba da 1,932. Raba shi da 160, ya zama 12. Wato a aikinta na yau da kullum ma wayar da ke tsakanin akwati da sitabilaiza tana ɗauke da 12. Idan na'urar ta kai Max, 12 sau 230 a raba da 160 ya haura 17, ban da abin da sitabilaizar ke ci da kanta. 2.5 da muka ce tana ɗaukar 17 ita kaɗai a bututu ta kai bango, C16 ma za ta fara faɗuwa. Zafin waya kuma ba a hankali yake hawa ba: daga 12 zuwa 17 ninki biyu yake yi, saboda amfiya sau kanta ake lissafawa.

Ga kuma tsawo. 2.5 tana zubar da milibolt 18 a kowace amfiya a kowace mita, 4 tana zubar da 11. A mita 32 da amfiya 12, 2.5 ta ci bolt 6.9, 4 ta ci 4.2. Idan wuta cikakkiya ce duka biyun suna cikin kashi 5 cikin 100 da aka yarda, wato bolt 11.5. Amma lokacin tashi da 42, 2.5 za ta zubar da bolt 24, 4 kuma kusan 15. Mai 230 ba zai ji ba. Mai 170 kuwa wannan tazarar ce tsakanin kwamfiresa ta tashi ko ta tsaya tana gurnani har ta ƙone. Don haka a gidan nan, da wannan wutar da wannan nisan, ta falo a ja mata 4 a bututunta, da C20. A zafin 50 tana ɗaukar 22.7, akwai sarari.

Oga Mai Wayarin: A kan ta falo, da maganar sitabilaiza, na yarda a sa 4. Amma na ɗakuna ban ga dalilin taɓa su ba. Max 8 ne. Ko a 160 ba su wuce 11 da rabi ba. Idan aka zare ta falo, saura layi biyu a bututun, 17 sau 0.80 ya kai 13.6.

Injiniya: Kayan sun shiga, amma wace bireka za ka sa? 16 ta fi 13.6. Ko dai a samo C13, wadda ba kowane shago ke da ita ba, ko a raba su su ma kowace ta samu 17 ɗinta. Tunda silin a buɗe yake, ni raba su zan yi.

Oga Mai Wayarin: Mita nawa ne ma suka yi tare? Wataƙila bai wuce goma ba.

Injiniya: Ko biyar ne, wurin da ya fi zafi shi ke yanke hukuncin layin gaba ɗaya. A nan rufin zai fara bushewa.

Mai Shagon Waya: Ku bari in faɗi nawa a matsayin mai sayarwa. Duk lissafin nan a kan jan ƙarfe na gaskiya mai cikakken kauri aka yi shi. Akwai wayar da aka rubuta 2.5 a jikinta amma ba ta kai ba, akwai kuma alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Alminiyom kusan kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke wucewa da shi yake iya wucewa da shi, ga saurin karyewa a bakin sukurun. Ka kankare bakin wayar da wuƙa, idan ciki fari ne ka ajiye ta. Waya 2.5 ta gaskiya mai sili ɗaya, kaurin jan ƙarfenta milimita 1.78 ne. Mai mita mai kyau ya auna rol: mita 100 na 2.5 bai kamata ya wuce om 0.74 da wani abu ba, na 4 kuma 0.46, amma a tabbatar rol ɗin ya cika 100. Ana yin waya mai kyau a ƙasar nan, a nemi mai tambarin SON, a karɓi rasit. Na fi son mutum ya sayi 2.5 ta gaskiya da ya sayi 4 ta bogi.

Maman Ihsan: Ni tawa mai doki 1 ce a shago, a soket ɗin bango na 13 take, tare da firiza a layi ɗaya. Kan fulogin yana ɗumi. Akwai haɗari?

Mai Sanyi Kofar Marusa: Akwai Hajiya. Mai doki 1 wutarta ba ta da yawa, wajen amfiya 4 zuwa 5, don haka ɗumin nan galibi sako-sako ne, ko dai sukurun ko bakin soket ya saki. Ki kashe ta a kira mai gyara yau. A ja mata layinta daban, a sa makunni na 20 mai yanke waya biyu, a daina fulogi. Yawancin ƙunar da nake gani a mahaɗa take farawa, musamman inda aka murɗa waya biyu aka naɗe da salatif aka jefa cikin silin.

Ɗan Daura: A ƙara da wayar at, mai kore da rawaya, wadda ke kai wutar da ta zube zuwa ƙasa, ta isa har injin waje. Ƙasarmu busasshiya ce da rani, sandar at ɗaya ba lallai ta wadatar ba, sai an auna. A sa RCD, na'urar da ke yanke wuta idan ta zube, mai miliamfiya 30 kuma, injin waje a tsakar gida yake inda yara ke wasa da ruwa. Sannan Baban Walida ka tara kayan gidan: 12 da 8 da 8 ya zama 28 daga AC kaɗai, kafin famfon rijiya da firij da guga, kuma a cikakkiyar wuta ke nan. Wace waya ce ta shigo daga mita zuwa akwati?

Baban Walida: Ban sani ba wallahi, sai na tambaya. Layi ɗaya dai aka ja mana daga fal. Wani ya ce da na sayi masu inbata da duk ban shiga wannan ba. Haka ne?

Injiniya: Mai inbata tana tashi a hankali, ba ta da fizgar LRA, shi ya sa ta fi sauƙi a kan janareta da sola. Amma ita ma tana da Max Current a sitikarta, kuma da zafin rana tana iya zama a kusa da shi na awanni. Da shi za a lissafa mata waya, zafin silin da cunkoson bututu kuma ba su canza ba. Game da babbar waya, idan 6 aka sa, 41 take ɗauka a littafi kafin ragi, ba za ta wadatar da gidan nan ba. A duba 10 ko 16 gwargwadon nisa. Idan akwai niyyar ƙara AC nan gaba, a nemi layi uku a wurin KEDCO tun yanzu a raba kayan a kansu.

Oga Mai Wayarin: Alhaji, kada ka je wa mai wayarinka da faɗa. Abin da ya yi shi ne abin da aka saba, kuma ba a gaya masa maganar sitabilaiza ba. Ka nuna masa lissafin nan, ku zauna da mai haɗa AC ɗin. Wayar 2.5 da za a zare daga falo ba asara ba ce, za ta yi soket.

Baban Walida: In sha Allahu haka zan yi Oga. Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Na ɗakunan zan ji kuɗin ƙarin bututu tukuna.

Mai Sanyi Kofar Marusa: Idan an gama haɗawa kada ka sallami kowa sai an gwada. A kunna ukun tare tsakanin ƙarfe 2 da 3 na rana, ba da safe ba, a bar su awa guda. A sa mita mai kama waya a kan kowane layi ta bayan sitabilaiza, wajen akwati, a rubuta amfiya da bolt. Ka turo mana lambobin nan mu gani ko 13.6 ɗin Oga ta isa.